Motar Injiniya Mai Tari

Tun farko a sani, Injiniya ba injiniya ba ne. Katifa da matashin kai yake sayarwa a wani ɗan shago na bakin titi. Abin da ya taɓa haɗa shi da inji bai wuce aikin gadi da ya yi a wani garejin manyan motoci ba, zamanin yana saurayi, kuma shi ɗin ma bai daɗe ba aka sallame shi saboda yawan ba direbobi shawarar da ba su tambaya ba. Amma ka same shi a shagon mai aski da yamma, sai ka rantse shi ya ƙera motar farko a duniya.

"Ni da kunne nake gyara," in ji shi wata rana, yana kishingiɗe ana yi masa gyaran fuska, idonsa a rufe. "Abin hawa ya wuce ta titi, ina nan kwance zan gaya maka abin da ke damunsa."

Sai ga ƙara ta wuce. Mai aski ya ce, "To wannan motar fa?"

"Baƙin manta ya tsufa."

"Ai babur ne, Injiniya."

"To shi ma baƙin mansa ya tsufa."

'Yan layin ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Ana nan sai Allah ya hore masa mota. Tsohuwa ce ta hannu, ta ratsa hannaye da dama kafin ta iso gare shi, da shuɗiya ce amma yanzu sai wanda ya san ta a da zai shaida. Injiniya ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Babu abin da ke faranta masa rai kamar ya ɗaga bonet a gaban mutane. Saboda haka duk ranar da zai ɗauki wani, ko za a taru a kalla, sai ya fito da bokiti da soso da sabulu ya wanke injin fes, ya ɗauraye har yana ƙyalli. Ranar da zai tafi shago shi kaɗai kuwa, ko kallon injin ba ya yi.

Motar tana da wani hali guda. Wata rana ta tashi lafiya lau, ta tafi sumul. Wata rana kuma da an tayar da ita sai ta kama tari, tana fizga, kan fasinja yana gaba yana baya, bututun hayaƙinta yana fat-fat-fat. Sai an yi ɗan tafiya ta ware kamar ba ita ba.

Da tarin ya tsaya a abin dariya, da sauƙi. To, an kira Auta, 'yarsa ta ƙarshe, intabiyu a makarantar koyon aikin jinya da ke wani gari mai ɗan nisa. Bara ta nema ba ta samu ba, ta kwashe shekara tana karatu a gefen keken ɗinkin uwarta. An kuma faɗa ƙarara cewa da safe za a rufe ƙofa, wanda ya makara sai baɗi.

"Ni zan kai ta da hannuna, har bakin ƙofa," in ji Injiniya, yana dukan ƙirji. "Su ga daga gidan da ta fito."

"Baban Auta," in ji matarsa, ba ta ko ɗaga kai daga ɗinkin ba, "ka kai motar nan wajen bakanike a duba tarin nan tun da sauran lokaci."

"Bakanike? Ni? Haba, Maman Auta! A ga motata a gareji, me zan ce wa mutanen layin nan?"

"Ka ce musu katifa kake sayarwa."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya fita ya zauna gaban motar, ya kafa mata kunne, ya daɗe yana gyaɗa kai, sannan ya yanke hukunci cewa an cakuɗa fetur da ruwa. Bai tsaya wata-wata ba ya nufi gidan mai.

"Ruwa kuke sayar mana," ya ce wa mai zuba man.

"Baba, motocin unguwar nan duka a nan suke sha. Taka kaɗai ce mai tari."

"Don tawa ce kaɗai ta san ɗanɗano."

Ya dawo gida ya samo tiyo da jarka, ya zura tiyon a tanki, ya kafa baki ya zuƙa. Bai san fetur yana da sauri haka ba. Kafin ya cire baki ya riga ya haɗiye rabonsa. Ya yi ta kaki yana hawaye, amma bai fasa ba, sai da ya tace man nan kaf da sabon ɗankwalin Maman Auta, wanda ko sau ɗaya ba ta ɗaura ba. Ranar gidan bai zaunu ba. Ta kafa masa doka kuma, kada ya kuskura ya yi gyatsa kusa da rishonta.

Washegari ya makara, ya faɗa mota ya tafi shago shi kaɗai, ita kuwa ta tafi sumul ko tari ɗaya. Ai fa shi ke nan, labari ya cika layi. Kashegarin wannan ya wanke inji fes, ya je ya janyo mai facin taya na layin da mai aski su zo su shaida.

"Ina da mutum a kan kujera, na yi masa rabin kai," in ji mai aski.

"Zagaye ɗaya ne kawai mu dawo. Kafin ya gama kallon madubi."

Suna shiga, ya murza makulli, mota ta ce fat-fat-fat. Suka hau titi tana fizga, haɓar mai faci tana dukan ƙirjinsa.

"Injiniya, wannan ita ce wadda ta warke?"

"Ku yi shiru, ina saurare."

Ya saurara, ya saurara, sai ya ce nauyi ne ya yi yawa a hagu, su canja wuri. Suka canja, tari bai fasa ba. Ya sauke mai faci, ya yi gaba kaɗan, tari bai fasa ba, ya dawo ya ɗauke shi. Can wajen shataletale, nesa da gida, ya ce to saura mai aski, shi ma ya ɗan sauka a gwada. Kafin nan inji ya yi zafi. Mai aski yana rufe ƙofa, mota ta ware ta miƙe sumul.

"Na gano!" in ji Injiniya, ya taka totur.

Murna ta sa bai tuna da komawa ba sai da ya ga ƙofar gidansa. Mai aski kuwa a ƙasa ya tako cikin rana, ya iso jiƙe da gumi, ya tarar mai rabin kai ya gaji ya ari hula ya tafi, ga kuma Injiniya yana gaya wa mutane cewa mai aski ne ke sa motar tari.

"Ni ne cutar?" in ji shi, yana haki. "Tun kafin ka san yadda ake riƙe sitiyari nake hawa motocin mutane, babu wadda ta taɓa tari!"

"Ba laifinka ba ne, ɗan'uwa," in ji Injiniya cikin tausayawa. "Jikinka ne ba ya jituwa da injina."

Daga ranar, ko janareton wani ne ya mutu a layin, sai ka ji ana tambaya ko mai aski ya gifta. Bawan Allah ya sha tsokana har ya daina amsawa.

Ba a daɗe ba Injiniya ya wanke inji zai kai Maman Auta gaishe da yayarta. Ko kwana ba su sha ba mota ta kama tari. Ta juya ta leƙa kujerar baya, ta leƙa ƙarƙashin kujera, sannan ta dube shi.

"Ko mai askin yana cikin but ne?"

Abin ya yi masa ciwo, don ranar intabiyu tana ta matsowa. Ya ce to, tunda kunne ya yi nasa, yau da hannu zai bi ta. Ya tara mutane, ya wanke inji, ya ɗaga bonet ya tokare da sanda, ya tayar da ita tana tari. Ya naɗe hannun riga, ya nuna wasu baƙaƙen wayoyi masu kauri.

"Waɗannan su ke kai wuta ga fulogi. Fulogi shi ke kunna man. Ku matso ku ƙaru."

Ya kai hannu ya damƙi ɗaya.

"Wayyo Allah na!"

Wuta ta fizge shi, ya yi tsalle, ƙeyarsa ta daki bonet, sanda ta goce, bonet ya sauko a kafaɗarsa, hularsa ta faɗa cikin bokitin sabulu. Mai faci ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Injiniya ya fito daga ƙarƙashin bonet yana yarfa hannu, idonsa jawur, ya gyara murya.

"Kun gani ko? Wuta lafiya lau. Ta yi yawa ma, har ta jikin waya take fitowa. Wayoyin nan sun fi sababbi. Na cire su daga zargi."

Da Maman Auta ta ga ƙulun da ya fito masa a ƙeya, sai ta ce ko dai ya je wajen bakanike ko ita ta kira shi har gida. Wannan ya tsorata shi. Ya sulale da tsakar rana lokacin da layi ya yi shiru, bai wanke komai ba don babu mai kallo, ya bi ta doguwar hanya ya je wani gareji inda ba a san shi ba. Bakanike ya tayar da ita, ya zaga da ita, ya dawo ya miƙa masa makulli.

"Ni ban ji komai ba. Ka kawo ta lokacin da take yi."

"Ai ba ta yi sai ta ga dama."

"To in ta ga dama ka kawo ta."

Injiniya ya dawo kansa ya ƙara girma. "Shi ma bakaniken ya ɗaga hannu," ya gaya wa matarsa. "Cutar nan ta fi ƙarfin yara."

Sai ya zauna ya yi dogon nazari. Motar a jikin katangar Mai Firij take kwana, maƙwabcinsu na tsallaken layi, wani mutum mai ƙarancin magana da ke gyaran firij yana kai wa masu su a tsohuwar akori-kurarsa. Kuma tarin da an tashi yake farawa. Injiniya ya tafa hannu, ya tsallaka.

"Maƙwabci, gas ɗin firij ɗinka ne ke shiga hancin motata."

Mai Firij ya ajiye abin da ke hannunsa. "Motarka tana da hanci?"

"Kowane inji yana shaƙar iska. Ba fanninka ba ne."

"To tawa fa, da take kwana a cikin gas ɗin?"

"Taka ta saba."

"Ka ɗauke ta daga jikin katangata mana."

"Zan ɗauke! Kuma ko gaisuwa kada ta ƙara haɗa mu, tunda lafiyar dukiyar maƙwabci ba ta dame ka ba!"

Duk layin sun ji wannan. Mai Firij ya koma kan aikinsa.

Ranar intabiyu Injiniya ya riga kowa tashi. Yau ce ranar da za a ga motar a bakin makaranta, saboda haka ba wankin wasa ya yi ba. Ya bi injin lungu-lungu da soso, ya sheƙa masa ruwa bokiti bayan bokiti, sannan ya shiga ya saka fararen kayansa. Auta ta fito tsaf, ta rungume fayil ɗin takardunta a ƙirji. Maƙwabta suka firfito yi mata fatan alheri, har da mai aski, wanda ya tsaya can nesa ya ɗaga hannaye don kowa ya shaida bai matso ba.

Injiniya ya murza makulli. Mota ta tashi da kyar, ta kama wani irin tari da ba ta taɓa yi ba, duk jikinta yana rawa. Ya sa giya, ta yi tsalle, ta rarrafa zuwa bakin layi, ta ƙi gaba.

"Baba," in ji Auta a hankali.

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Abin minti ɗaya ne."

Ya fito ya ɗaga bonet, mutane suka taru. Ya ƙwanƙwasa nan, ya shafa can, yana ta bayani, gaban farar rigarsa yana ta ɗaukar baƙin mai. Injin yana ta aiki yana ɗaukar zafi, tururi yana tashi daga jikinsa, har tarin ya fara raguwa, ya ragu, ya ɗauke. Sauti ya daidaita sumul.

"Allahu akbar," in ji wata tsohuwa.

Injiniya ya juyo ya fuskanci jama'a, ya buɗe hannaye. Da ya rufe bonet a nan ya shiga mota, da yanzu wani labarin ake yi. Amma ina! Taro irin wannan bai taɓa samu ba.

"Kun ga aikin hannu. Saura abu ɗaya, wanda ba kowa ya sani ba. Ta wahala, ta yi zafi, ga doguwar tafiya. Sai an sanyaya mata rai. Miƙo min bokitin can."

Mai faci ya miƙo. Injiniya ya ɗaga bokiti ya juye wa injin gaba ɗaya, rabi a kan wayoyi, rabi a kan wandonsa.

Fat. Fat-fat. Mota ta yi wata 'yar shessheƙa ta mutu.

Daga can nesa mai aski ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku shaida ina nan inda nake!"

Maman Auta ta matso, tana kallon ruwan da ke ɗiga daga wayoyin. "Baban Auta, ranar da ka ɗauki mai aski, ka wanke ta?"

"Na wanke."

"Ranar da za mu gidan Yaya fa?"

Ya sunkuyar da kai yana matse ruwan wandonsa.

"Ranar da wuta ta ja shi ma ya wanke," in ji mai faci. "Ai har hularsa ta yi wanka."

"Ranar da ka je wajen bakanike fa?"

"Wajen wa?" in ji mai aski, ya taho da sauri. "Injiniya ya je wajen bakanike?"

Nan fa kowa ya gane, har tsohuwar nan. Wayoyin da ya wanke daga zargi sun tsufa sun tsattsage. Da ruwa ya taɓa su sai wuta ta tsere ta gefe ba ta isa fulogi ba, mota ta yi ta tari har zafin inji ya busar da su. Duk wahalar da aka sha a layin nan, bokitin Injiniya ne. Dariya ta ɓarke, wasu har da riƙe ciki.

"Ai gwaji nake yi," in ji Injiniya. "Da gangan na zuba, don ku gani da idonku."

Ya faɗa mota ya murza makulli. Ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, ya sake, har batir ya fara kasawa. Aka tura ta, ta ƙi. Aka goge wayoyi da tsumma, ta ƙi, ruwan ya shiga inda tsumma ba ya kaiwa. Rana tana ta ɗagawa, kuma ko an je tasha yanzu, kafin motar haya ta cika an rufe ƙofar makarantar.

Sai ya waiga ya ga Auta. Tana tsaye a gefen titi da fayil ɗinta, hawaye yana zuba, tana gogewa da bayan hannu don kada ya ɗiga a takardun. Dariyar mutane ba ta taɓa shi ba, ya saba. Wannan kuwa har cikin ransa ya ji ta, kunya ta rufe shi.

Abin hawa ɗaya ya rage a layin, akori-kurar Mai Firij, an ɗora mata wani dogon firij za a kai wa mai shi. Mai Firij yana jingine da ita, ya harɗe hannaye. Injiniya ya tsallaka, takalminsa yana tsiyayar ruwa, jama'a suka bi shi da ido.

"Maƙwabci, ina kwana."

"Na ɗauka gaisuwa ba ta haɗa mu."

"Don Allah ka kai min yarinyar nan."

"Gas ɗina ba zai shiga hancinta ba?"

"Ba gas ɗinka ba ne," in ji Injiniya ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba."

Injiniya ya ɗaga murya yadda har na ƙarshen layi ya ji. "Ba gas ɗinka ba ne, ba mai aski ba ne, ba gidan mai ba ne! Bokitina ne! Ban san komai a kan inji ba, katifa nake sayarwa! Ka kai min 'yata!"

Kafin ya rufe baki Mai Firij ya riga ya buɗe ƙofa. "Auta, shigo gaba. Kai kuma hau baya ka riƙe min firij, igiyata ba ta kai ba."

Haka suka tafi, Injiniya a tsaye a baya ya rungume firij, iska tana kaɗa jiƙaƙƙen wandonsa, kowane rami sai goshinsa ya gaisa da murfin. Mai Firij da ba a san shi da gudu ba, ranar ya taka.

Sun iso mai gadi ya riga ya rufe ɓangare ɗaya na ƙofar. Ga motoci masu sheƙi a jere, ga iyaye cikin kaya masu tsada suna sallamar 'ya'yansu. Injiniya ya dubi rigarsa, baƙin mai tun daga wuya har ciki. Sai ya lallaɓa ya maƙale a bayan firij ya durƙusa, don kada yarinyar ta ji kunya a gaban abokan karatunta.

Auta ta sauko da gudu, ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya ta waigo.

"Shiga mana, rufewa zan yi," in ji mai gadi. "Wa kike nema? Lebura?"

"Babana ne," in ji Auta da ƙarfi, har iyayen nan suka juyo. "Baba! Fito ka sa min albarka!"

Ya miƙe a hankali daga bayan firij. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba, yau kalmomi kaɗan ya iya haɗawa. Da kyar ya ce, "Allah ya ba ki sa'a, Autana." Ta yi murmushi, ta shige, ƙofa ta rufu a bayanta.

Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙofar, hawaye yana bin kumatunsa. Mai Firij ya laluba ƙarƙashin kujera ya miƙo masa tsumma ba tare da ya duba ba. Injiniya ya karɓa ya share fuska sosai, tun daga goshi har haɓa, tsumman kuwa na goge hannu ne, duk baƙin mai. Mai Firij ya dube shi, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Ya kwashe kayan aikin da ke tsakiyar kujera ya zuba a ƙasa.

"Shigo gaba, maƙwabci," ya ce. "Mu nemi inuwa mu jira ta."